Frederick Banting (1891–1941) da Haƙƙin Ƙirƙirar Insulin: Tarihin Rayuwa da Darasi ga Muhawarar Mallakar Fasaha

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Frederick Grant Banting, likitan ƙasar Kanada wanda ya fara binciken da ya kai ga gano insulin, maganin da ke riƙe da ran masu ciwon sukari. An fi mayar da hankali a kan matakin da shi da abokan aikinsa suka ɗauka a 1923, na miƙa haƙƙin ƙirƙirar maganin ga Jami'ar Toronto a kan dala ɗaya ga kowannensu. Maƙalar ta nuna cewa sun yi amfani da dokar haƙƙin ƙirƙira ne a matsayin garkuwa, domin kada wani ya killace maganin. Ta kuma bayyana dalilan da suka sa garkuwar ba ta ɗore ba, da abin da hakan ke nufi ga muhawarar da ake yi a yau kan dokokin mallakar fasaha da tsadar magunguna.

1.0 Gabatarwa

Takardar haƙƙin ƙirƙira wata shaida ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago sabon abu. Tana ba shi ikon hana kowa yin abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi daga waje, har zuwa wani wa'adi. Shi kuma a nasa ɓangaren wajibi ne ya bayyana yadda ake yin abin dalla-dalla, domin idan wa'adin ya cika jama'a su gaje shi. Hujjar masu goyon bayan tsarin ita ce, ba wanda zai zuba dukiyarsa da shekarunsa a bincike idan ya san gobe wani zai kwaikwaya a banza. Masu suka kuwa suna ganin cewa idan abin da aka killace magani ne, to wa'adin da mai ƙirƙira ke cin riba a cikinsa shi ne wa'adin da marar hali ke mutuwa a cikinsa.

A duk lokacin da wannan muhawara ta taso, sunan Banting yakan shigo. Galibi ana ba da labarinsa a taƙaice, a ce ya ƙi mallakar insulin, ya bar wa duniya kyauta. Tarihin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a cikin sarƙaƙiyar ne darasin yake.

2.0 Haihuwa, Karatu da Fagen Yaƙi

An haifi Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a gonar iyayensa kusa da garin Alliston da ke lardin Ontariyo. Shi ne auta a gidan William Banting da Margaret Grant, manoma mabiya ɗarikar Methodist. Bai kasance cikin haziƙan ɗalibai ba. Ya shiga Kwalejin Victoria ta Jami'ar Toronto a 1910, amma bai ci jarrabawar shekarar farko ba. A 1912 ya koma sashen koyon aikin likita, inda ya fi samun natsuwa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka gaggauta karatun ajinsu, suka kammala a Disambar 1916. Nan take ya shiga rundunar likitocin sojan Kanada. A Satumbar 1918, a gumurzun Cambrai da ke Faransa, ya ji rauni a hannu, amma ya ci gaba da ɗaure wa sauran sojoji raunukansu na tsawon sa'o'i. Saboda wannan jarunta aka ba shi lambar girma ta soja a 1919.

Bayan yaƙi ya yi horon tiyata a Asibitin Yara na Toronto. Da bai sami gurbin aiki na dindindin a can ba, sai ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a birnin London na Ontariyo a Yulin 1920. Kasuwa ta ƙi buɗewa: kusan mako huɗu ya yi kafin majinyaci na farko ya shigo, kuma dala huɗu kacal ya samu a watan. Wannan ƙunci ne ya tura shi karɓar aikin koyarwa na ɗan lokaci a jami'ar birnin.

3.0 Gano Insulin

A wancan zamani, yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon sukari ba ya daɗewa a duniya. Abin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne tsarin taƙaita abinci na Frederick Allen, wanda ke ƙara wa majinyaci 'yan watanni ko 'yan shekaru cikin yunwa da rama. Masana sun riga sun san inda matsalar take. Tun a 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka nuna cewa idan aka cire wa kare fankiriyas, wato wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, sai ya kamu da ciwon sukari. An yi hasashen cewa wasu ƙwayoyi da ke cikinta, waɗanda Paul Langerhans ya bayyana a 1869, su ne ke fitar da sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Masu bincike irin su Georg Zuelzer a Jamus da Nicolae Paulescu a Romaniya sun tatso ruwan da ke rage sukari, sai dai ba a kai ga tace shi har ya zama maganin da za a dogara da shi ga ɗan Adam ba.

A daren 31 ga Oktoba, 1920, yana shirin darasi, bayan ya karanta wata maƙala ta Moses Barron, Banting ya rubuta wata dabara: a ɗaure bututun fankiriyas ɗin kare har sashen da ke narkar da abinci ya shanye, sannan a tatso sinadarin daga abin da ya rage. Ya kai wa J. J. R. Macleod, farfesan ilimin aikin sassan jiki a Jami'ar Toronto. Macleod bai gamsu sosai ba, amma ya ba shi ɗakin gwaji da karnuka da ɗalibi mai taimako, Charles Best. Sun fara aiki ranar 17 ga Mayu, 1921.

Zuwa ƙarshen Yulin wannan shekara sun fara ganin sukari na sauka a jinin karnuka. Daga baya suka gano cewa ɗaure bututun ma ba dole ba ne, domin ana iya tatso sinadarin daga fankiriyas ɗin shanu da ake samu a mahauta. A Disamba, masanin sinadaran jiki James Collip ya shiga aikin. Ranar 11 ga Janairu, 1922, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar ruwan da Banting da Best suka haɗa a Babban Asibitin Toronto. Amfanin da aka gani kaɗan ne, kuma wurin allurar ya yi ƙurji. Ranar 23 ga watan aka sake yi masa da wanda Collip ya tace, sai sukarinsa ya sauka, ƙarfinsa ya fara dawowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: dabara da naci na Banting ne, jagorancin kimiyya na Macleod, tacewa kuwa ta Collip.

4.0 Yadda Aka Yi da Haƙƙin Ƙirƙira

Batun mallaka ya taso tun maganin bai fita daga ɗakin gwaji ba. A cikin Janairun 1922 saɓani mai zafi ya shiga tsakanin Banting da Collip, bayan Collip ya nuna alamar zai riƙe sirrin hanyar tacewarsa, har ma ya nemi takarda da sunansa. Ranar 25 ga watan aka sa hannu a wata yarjejeniya da ta hana kowannensu neman takardar haƙƙin ƙirƙira ko ƙulla ciniki da wani kamfani shi kaɗai, aka kuma ɗora aikin sarrafa maganin a kan cibiyar Connaught mallakar jami'ar.

A lokacin, ɗa'ar aikin likita a Arewacin Amurka da Ingila tana ƙyamar likita ya mallaki magani. Banting ya riƙe wannan ra'ayi da ƙarfi, haka ma Macleod. Amma akwai haɗari biyu a gabansu. Na farko, idan suka bar abin a sake, wani kamfani zai iya yin ɗan gyara a hanyar sarrafawa, ya nemi takarda, ya rufe wa kowa ƙofa, har da su kansu. Wannan ba zato ba ne kawai, domin wata kotun Amurka ta riga ta amince a 1911 cewa ana iya mallakar tataccen sinadarin adirenalin, ko da yake daga jikin dabba aka samo shi, kuma Zuelzer yana riƙe da takardar Amurka ta 1912 a kan nasa ruwan fankiriyas. Na biyu, insulin magani ne da ƙarancinsa ba ya aiki, yawansa kuma yana kisa. Idan kowa ya shiga dafa nasa ba tare da ma'auni ɗaya ba, za a yi asarar rayuka.

Saboda haka a Afrilun 1922 suka rubuta wa shugaban jami'ar, Robert Falconer, suna ba da shawarar a nemi takardar da sunan Best da Collip, waɗanda ba likitoci ba ne, sannan a miƙa ta ga jami'a. Daga bisani lauyoyi suka nuna cewa dokar Amurka ta wajabta a ambaci duk wanda ke da hannu a ƙirƙirar, in ba haka ba takardar za ta iya rushewa. Ba da son ransa ba Banting ya yarda aka sa sunansa. A Janairun 1923 su ukun suka miƙa haƙƙinsu ga hukumar gudanarwar jami'ar a kan dala ɗaya ga kowanne. Takardar Amurka mai lamba 1,469,994 ta fito ranar 9 ga Oktoba, 1923.

Jami'ar ta kafa kwamitin insulin wanda ya riƙe ragamar. Da sarrafa maganin ya gagari cibiyar Connaught a watannin Maris zuwa Mayu na 1922, sai aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, aka ba shi damar shekara guda shi kaɗai a kasuwarsa, kafin a buɗe wa wasu. Masanin kamfanin George Walden ya samo hanyar tacewa da ta ƙara inganci da yawan abin da ake samu. Sharuɗɗan jami'ar sun haɗa da gwada ƙarfin maganin kafin a sayar, da biyan kashi 5 cikin 100 na ciniki, wanda aka riƙa tallafa wa bincike da shi, da kuma mayar wa jami'a haƙƙin gyare-gyaren da mai lasisi ya yi, domin sauran masu lasisi su amfana. An miƙa haƙƙin Birtaniya ga Hukumar Binciken Lafiya ta ƙasar. August Krogh na Denmak, wanda ya ziyarci Toronto a ƙarshen 1922, ya koma da izinin sarrafa maganin a yankinsu, kuma daga nan aka kafa cibiyar Nordisk a 1923.

Wannan tsari ya nuna cewa mutanen Toronto sun karɓi makamin da suke tsoro, suka damƙa shi a hannun cibiyar jama'a, suka gindaya masa sharuɗɗa. Kafin ƙarshen 1923 insulin ya wadata a Arewacin Amurka, kuma ana sarrafa shi a ƙasashen Turai da dama.

5.0 Ɗaukaka da Ƙarshen Rayuwa

A Oktoban 1923 aka bai wa Banting da Macleod kyautar Nobel ta fannin likitanci. Banting ya fusata da aka tsallake Best, har ya yi niyyar ƙin karɓa, daga baya ya raba rabonsa da shi. Macleod ma ya raba nasa da Collip. Gabar da ke tsakanin Banting da Macleod ba ta warke ba har Macleod ya koma Sukotland a 1928. Littafin Michael Bliss na 1982 a kan gano insulin ya nuna cewa Banting ya rage wa Macleod daraja fiye da yadda hujjoji suka nuna. Mutum ne mai kyauta da tausayin majinyata, mai kuma saurin fushi da riƙo.

Majalisar dokokin Kanada ta yanke masa dala 7,500 a kowace shekara har ƙarshen rayuwarsa, aka kuma ƙirƙira masa kujerar farfesan bincike a Toronto. Wannan ma abin lura ne: al'umma ta saka wa mai ƙirƙira ta hanyar baitulmali, ba tare da an ɗora ladan a kan kuɗin maganin ba. Ya ci gaba da bincike a kan ciwon daji da cutar huhu ta masu haƙar ma'adinai, amma bai sake samun nasara irin ta farko ba. Ya sami hutun zuciya a zanen hotuna, yana yawo da abokinsa mai zane A. Y. Jackson. A tafiyarsu ta 1927 zuwa yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, ya soki yadda cinikin fatu na kamfanin Hudson's Bay ke cutar da lafiya da rayuwar al'ummar Inuit. Sarki George na Biyar ya ba shi sarautar girmamawa a 1934.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya jagoranci bincike a kan lafiyar matuƙa jiragen yaƙi. A kan hanyarsa ta zuwa Ingila saboda wannan aiki, jirgin da ya ɗauko shi daga Gander ya faɗi kusa da Musgrave Harbour a tsibirin Newfoundland. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1941, yana da shekara 49. Ranar haihuwarsa ce aka keɓe a matsayin Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.

6.0 Insulin Bayan Banting

Garkuwar Toronto tana da iyaka tun daga tushe. Jami'ar ta riƙe ikon ba da lasisi da tabbatar da inganci, amma ba ta riƙe ikon yanke farashi ba. A 1941, shekarar rasuwar Banting, aka tuhumi kamfanonin Eli Lilly da Squibb da Sharp & Dohme a Amurka da haɗa baki wajen tsayar da farashin insulin. A ƙarshen wannan shekara, yayin da ikon jami'ar ke ƙarewa, majalisar Amurka ta yi doka da ta mayar da aikin gwada ingancin maganin hannun hukumar kula da abinci da magunguna.

Daga nan insulin ya ci gaba da sauya kama. Hans Christian Hagedorn ya samar da nau'in da ke daɗewa a jiki a 1936, aka inganta shi a 1946. A 1982 aka amince da insulin irin na ɗan Adam wanda ake sarrafawa ta fasahar sauya ƙwayoyin halitta. Nau'in lispro mai saurin aiki ya fito a 1996, glargine mai dogon aiki kuma a 2000. Da yawa daga cikin waɗannan ci gaba ne na gaske. Sai dai kowanne ya zo da sabuwar takarda da sabon wa'adi, kuma a kasuwanni masu arziki an riƙa janye tsohon nau'i idan sabo ya shigo. Jeremy Greene da Kevin Riggs sun yi bayanin wannan a wata maƙala ta 2015, inda suka nuna dalilin da ya sa maganin da ya kusa shekara ɗari bai sami kwafi mai araha a Amurka ba.

A yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na cinikin insulin a duniya. Biyun farko tsatsonsu yana komawa ga lasisin Toronto. Farashin kwalbar Humalog a Amurka ya tashi daga kimanin dala 21 a ƙarshen shekarun 1990 zuwa kusan dala 275 a 2019. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyu na masu nau'i na biyu na ciwon sukari da ke buƙatar insulin ba ya samun sa.

7.0 Darasi ga Muhawarar Yau

Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta wajabta wa ƙasashe mambobi ba da kariyar aƙalla shekara 20, har da magunguna. Sanarwar Doha ta 2001 ta tabbatar da 'yancin ƙasa na ba da lasisin dole domin kare lafiyar jama'a. A Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a jingine wasu sassan yarjejeniyar saboda annobar korona, amma abin da aka amince da shi a Yunin 2022 ya taƙaita ga takardun rigakafi kawai. Tarihin insulin yana da abin faɗa a kan batutuwa uku na wannan muhawara.

Na farko shi ne tsawaita wa'adi ta hanyar ƙananan gyare-gyare. Ƙungiyar I-MAK ta ƙirga buƙatun takarda 74 da aka shigar a Amurka a kan maganin Lantus kaɗai, a wani rahoto na 2018, kuma wasunsu a kan alƙalamin allura suke. Indiya ta magance irin wannan da sashe na 3(d) na dokarta, wanda ya hana mallakar sabon fasalin tsohon sinadari sai an nuna ƙarin amfani wajen warkarwa. Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da shi a shari'ar Novartis ta 2013.

Na biyu shi ne binciken da aka yi da kuɗin jama'a. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bai wa jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, kuma har yanzu ana jayayya ko tsadar farashi za ta iya zama dalilin da gwamnati za ta tsoma baki. Kwamitin Toronto ya nuna cewa mai riƙe da takarda yana iya gindaya sharuɗɗa domin amfanin jama'a. Giɓin da ya bari a kan farashi kuma ya nuna cewa sharaɗin da ba a rubuta ba, ba a tsammanin kasuwa ta cika shi. Asusun haɗa takardun magunguna da aka kafa a 2010, wanda ya fara da magungunan cutar ƙanjamau, yana tafiya a kan tafarki mai kama da na Toronto.

Na uku shi ne cewa takarda ba ita kaɗai ce katanga ba. Wa'adin takardun asali na insulin irin na ɗan Adam ya ƙare tuntuni, duk da haka masu sarrafa shi kaɗan ne, domin aikin yana buƙatar masana'anta mai tsada, da ƙwarewar da ba a rubuta ta a takarda, da tsallake gwajin hukumomi. Toronto kanta ta ɗanɗana wannan a 1922, lokacin da take da ilimin amma sarrafawa ta gagare ta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin tantance insulin na ƙananan kamfanoni a 2019. A Amurka kuwa, dokar 2022 da ta ƙayyade dala 35 a wata ga masu inshorar gwamnati ta tsofaffi, da ragin kashi 70 ko fiye da kamfanonin uku suka sanar a Maris na 2023, sun biyo bayan matsin lambar siyasa da shigowar masu gasa.

8.0 Kammalawa

Banting ya rayu shekara 49, kuma abin da ya ɗaukaka shi ya faru ne cikin ƙasa da shekara uku. Bai yi arziki da insulin ba, ko da yake ƙofar hakan a buɗe take. Shi da abokan aikinsa sun fahimci cewa barin magani ba mai shi yana iya zama hanyar da wani zai mallake shi, don haka suka sa shi a hannun jami'a bisa sharuɗɗa. Tsarin ya yi aiki a shekarunsa na farko, sannan ya raunana da wa'adi ya ƙare, sababbin nau'o'i suka fito a hannun kamfanoni. Ga ƙasashen da ke shigo da insulin daga waje, ciki har da mafi yawan ƙasashen Afirka, tambayoyin da tarihin ya bari su ne: wa ke riƙe da takardar, da waɗanne sharuɗɗa, wane irin gyara ne doka za ta ɗauka a matsayin sabuwar ƙirƙira, kuma wa ke da masana'antar da za ta yi maganin idan wa'adi ya cika. Kyakkyawar niyyar mutum ɗaya ta buɗe hanya a 1923. Ɗorewar hanyar kuwa tana hannun masu tsara doka.